Daga asibitin ƙaramar hukuma zuwa rasidansin medisin a Amurka: yanda ake bi da abinda ke jiranka a can

Wannan rubutun na ƙannena ne, likitocin da ke aiki a asibitocin Ringim da Gumel da Kazaure da Birnin Kudu, da na su Dambatta da Rano da Gaya, masu yawan turo min saƙo ta WhatsApp suna tambayar yaya mutum zai yi ya samu gurbin ƙwarewa a ɓangaren medisin a Amurka, wato rasidansi a fannin cututtukan manya na cikin jiki. Amsar da nake bayarwa a gajarce bata isarwa, shi yasa na zauna in rubuta ta da tsawo. Zan riƙa cewa "kai", amma ƙanwata likita har da ke nake.

Yawancin waɗanda hanyar nan ta gagara ba kai suka rasa ba, wanda ya fito daga BUK ko ABU ko Danfodiyo da MBBS a hannu ai an gama maganar ƙwaƙwalwarsa. Abinda ke kada mutane shine shiga ba tsari, kuɗi su yanke a tsakiyar hanya, ko a yi gaggawar zana jarabawa a faɗi, ko a tafi a bar gida a hargitse.

Kafin ka kashe ko sisi, fara da maganar biza, domin ita ce ta fi komai canzawa. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar da take bawa ’yan Najeriya masu zuwa na ɗan lokaci ta wata uku, shiga ɗaya. A Satumbar wannan shekarar aka ɗora dala 100,000 a kan sabbin takardun neman bizar aiki ta H-1B, sannan a Disamba aka saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa wasu bizoji, har da ta ziyara da ta J wadda yawancin likitoci baƙi ke shiga rasidansi da ita. Dokokin nan gwamnati ce ke sa su kuma ita ke ɗage su, saboda haka ka buɗe shafin ofishin jakadancin Amurka da na ECFMG ka karanta halin da ake ciki a ranar da kake yanke shawara, kar ka dogara da jita-jitar guruf. Jarabawoyin dai suna ɗaukar shekara biyu zuwa uku ga mai aiki, toh wanda ya fara yau ba da dokar yau zai nemi biza ba, amma ya shiga da idonsa a buɗe.

ECFMG ɗin nan ita ce hukumar da ke tantance duk likitan da ya yi karatu a wajen Amurka, tun 1956 take, a Filadelfiya. Ba takardar shaidarta, ba rasidansi. Abu na farko, ka duba sunan makarantarka a World Directory of Medical Schools ka tabbatar akwai bayanin ECFMG a ƙarƙashinta kuma shekarar da ka gama tana ciki. Wannan ya fi shafar ƙannenmu da suka yi karatu a Sudan ko Sin ko Saifurus ko Masar. In kuma gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyinka ka sa hannu cewa zaka yi mata aiki na wasu shekaru, dan Allah ka cika alƙawarin, ko ka je ma'aikata a warware a rubuce. Kuɗin talakawa ne, kuma wata rana takardar sallama zata nemo ka.

Sai maganar suna, wadda mu Hausawa ta fi cizon mu. A takardar digiri Mohammed, a fasfo Muhammad, a lasisin MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, an ƙara sunan gari, Ringim ko Gumel, a matsayin sunan ƙarshe, a takardar haihuwa kuma babu shi kwata-kwata. Can harafi ɗaya ya bambanta sai fayil ɗinka ya tsaya ana ta musayar imel. Ka baje takardunka a tabarma ka duba su ɗaya bayan ɗaya, ka zaɓi yanda sunan yake a fasfo ka tsaya a kai, inda ya saɓa ka tanadi takardar rantsuwa ta kotu da wasiƙar makaranta tun yanzu. Kuma ECFMG da kanta take tuntuɓar makarantarka ta tabbatar da digirin, saboda haka ka taka da ƙafarka ka san wanda ke amsa irin wannan saƙon a ofishin shugaban tsangaya, ka gaisa da shi, ka karɓi lambarsa.

Toh jarabawa. USMLE, jarabawar lasisin aikin likita ta Amurka, hawa uku ce. Step 1 ilimin tushe ne, su fisiyoloji da fatoloji da famakoloji da bayokemistiri, awa 8 a zaune gaban kwamfuta, tambayoyi kusan 280. Tun Janairun 2022 aka daina bada maki a cikinta, ko ka ci ko ka faɗi. Step 2 CK ita ce ta aikin asibiti, awa 9, tambayoyi sama da 300, kuma har yanzu da maki take fitowa, shi yasa ta zama abinda masu ɗaukar rasidan suke fara kallo. Step 3 kwana biyu ce kuma a cikin Amurka kawai ake yinta. Abubuwa uku ka riƙe. In ka faɗi, faɗuwar tana nan a takardarka har abada kowane asibiti zai gani. In ka ci da ƙaramin maki ba'a barinka ka sake dan ka gyara. Kuma sau huɗu ne iyakar gwada kowane hawa, sannan ECFMG tana so ka haɗa jarabawoyinta cikin shekara 7 daga ranar da ka ci ta farko. Kaga kenan babu maganar "bari in je in gwada". Ba'a sa ranar jarabawa sai gwajin NBME, wato na hukumar da ke tsara jarabawar, da kake yi a gida, da agogo, ba leƙen littafi, ya nuna kana wuce layin da tazara ba sau ɗaya ba.

Salon tambayarsu daban yake da wanda muka saba. Mu mun taso da dogon rubutu da tsayawa gaban malami a bakin gado, su kuma zasu baka labarin mara lafiya layi goma, ba zasu tambaye ka sunan cutar ba, sai su ce wane sinadari ne maganin da ya dace yake toshewa, ko menene mataki na gaba mafi dacewa. Haddar littafi bata fidda mutum a nan. Abinda ke fiddawa shine yin tambayoyi kullum, manhajar tambayoyi ta UWorld ita ce aka fi amfani da ita, ka yi arba'in da agogo sannan ka zauna ka karanta bayanin kowace ɗaya har wadda ka ci, domin karatun a cikin bayanin yake. Abinda kake mantawa ka zuba a manhajar bita ta Anki ka riƙa bita a waya tsakanin mara lafiya da mara lafiya.

Na san abinda zaka ce, ina lokacin. Kai kaɗai ne ko ku biyu a asibitin, safe kana ɗakin ganin marasa lafiya layi har bakin ƙofa, dare a tashe ka haihuwa ta gagara. Gaskiya ne, kuma ba zan ce maka da sauƙi ba. Amma lokacin da ya fi tsira a asibitin karkara shine daga sallar asuba zuwa ƙarfe takwas, kafin masu babur su fara sauke mutane. Awa biyu da rabi ɗin nan in ka tsare su kullum sun fi awa goma na ranar Lahadi. Ka lura da kalandar garinku ma: ranar kasuwa asibiti cika yake, haka daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara gado ɗaya mutum biyu, kar ka sa jarabawa a ƙarshen wannan lokacin. Ka tara hutunka na shekara ka ɗauke shi gaba ɗaya dab da jarabawa, ka yi yarjejeniya da abokin aikinka ya riƙe maka kol, kai ma ka rama masa. Ka sayi ƙaramar sola da batir da zata ɗauki laftof da fanka, da layi biyu na kamfani daban-daban, saboda UWorld da intanet take aiki, kuma ka san inda netwok ya fi kamawa a kwatas ɗin, ko da gindin darbejiya ne.

A cibiyoyin jarabawar kwamfuta na Prometric ake zana USMLE. Shekaru da yawa ’yan Najeriya Akara ta Gana suke tafiya, toh ka duba jerin cibiyoyin lokacin rajista ka zaɓi mafi kusa, ka isa garin da kwana biyu a hannu. Akwai kuma jarabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, OET, wadda ta shigo bayan an dakatar da Step 2 CS, jarabawar duba mara lafiya ido da ido, a 2020, kafin a soke ta a 2021. Kar ka raina ta dan ka yi karatu da Turanci, ɓangaren saurare yana kada mutane saboda saurin maganar.

Kuɗi. A 2025 Step 1 da Step 2 CK kowace dala dubu da ɗoriya aka biya, ga ƙarin da ake cajin wanda ya zana a wajen Amurka, ga kuɗin ECFMG, ga OET, ga UWorld, ga kuɗin tura takardu wanda yake hawa da yawan asibitocin da ka nema, ga jirgi da masauki. In har da zuwa can ganin aiki, ka sa a ranka dala 10,000 zuwa sama, ka buga da canjin yau ka gani. Shawarata a nan mai ƙarfi ce: kar a sayar da gonar gado saboda wannan. Ko a 2024 cikin likitocin da ba ’yan Amurka ba kuma suka yi karatu a waje, kusan kashi 58 cikin 100 ne suka samu gurbi, ma'ana cikin goma huɗu sun koma gida hannu rabbana bayan sun kashe duk wannan. In sa'a bata zo ba shekarar farko kuma gonar ta tafi, ba kai kaɗai ka shiga uku ba. Ka biya hawa-hawa, daga albashi da aikin wucin gadi a asibitin kuɗi da adashi, kana samu kana canzawa zuwa dala kana ajiyewa. In akwai tumaki ko sa da kai ka kiwata da kuɗinka, wannan naka ne.

Bayan maki, abinda suke so su gani shine wani likitan Amurka ya ganka a asibiti ya rubuta maka wasiƙar shaida. Ana tura har wasiƙa huɗu ga kowane asibiti, kuma in biyu ko uku daga can suke sun fi nauyi. Hanyar samu ita ce ka je wata ɗaya ko biyu kana bin likita kana kallon aiki, wasu wuraren kyauta ta hanyar sanayya wasu da kuɗi. Nan ne zumunci ke aiki, ka nemi tsofaffin ɗaliban makarantarku da ke can, da ƙungiyar likitocin Najeriya ta ANPA, ka rubuta musu gajeren saƙo mai ladabi da makinka a ciki. In biza ta hana, ka samu wasiƙu masu kyau daga kwansultan ɗin da suka san aikinka da gaske a asibitin koyarwa na Aminu Kano (AKTH) ko Rasheed Shekoni ko FMC Birnin Kudu, wasiƙar da ta faɗi abinda ka yi, ba "yaro ne mai ladabi da biyayya" kawai ba. Kuma ka sani asibitoci da yawa suna tace masu nema da shekarar gama makaranta, galibi suna fifita wanda bai wuce shekara biyar ba, saboda haka duk shekarar da ka ƙara kana cewa sai baɗi tana rage maka ƙofofi.

Zaman karkarar da kake gani kamar koma baya, wallahi jari ne in ka iya faɗinsa. Rajistar asibitinku cike take da abin bincike, masu hawan jini nawa ne ke dawowa karɓar magani, saran maciji a lokacin girbi, ciwon ƙoda. Ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya, ka haɗa kai da wani malami a asibitin koyarwa, ku fitar da takarda ɗaya ta gaskiya. Ta fi guda goma da aka biya kuɗi aka liƙa sunanka, domin a intabiyu zasu tambaye ka abinda ke ciki. Haka takardar bayanin kai, ka rubuta ainihin aikinka, yanda kake sarrafa mai ciwon suga da ya zo a sume ba injin auna sinadaran jini sai na'urar yatsa da fitsari da idonka.

Kalandar nema bata canzawa sosai. Wajen watan Yuni kake karɓar lambar shiga ERAS, shafin da ake tura takardun neman gurbi, ta hannun ECFMG ka fara cikewa, ƙarshen Satumba asibitoci ke fara buɗe takardu, toh komai naka ya kasance ciki kafin ranar, wanda ya makara da sati biyu ya yi asara mai yawa. Kana kuma yin rajista daban da NRMP masu gudanar da Match, wato tsarin da ke haɗa masu nema da asibitoci. Medisin ita ce ta fi kowane fanni yawan gurbi, sama da 10,000 a shekara, kuma ita ta fi ɗaukar baƙi, amma kar ka watsa kuɗinka ko'ina: ka tace asibitocin da ke bada biza kuma ka ga baƙi a jerin rasidan ɗinsu. Akwai ’yan alamomi ƙidayayyu da ake baka ka nuna wa asibiti cewa da gaske kake sonsa, ka kashe su a inda makinka ya kai, ba a manyan sunaye ba.

Intabiyu daga Oktoba zuwa Janairu ne, yawanci ta bidiyo. Ranar kar ka yarda da netwok ɗin ƙauye, ka shiga Kano ko Dutse ka kama ɗaki mai wuta da intanet, ka gwada tun jajibiri. Mun riga Niyok da awa 5, daga farkon Nuwamba in sun mayar da agogonsu ya koma 6, ka lissafa da kyau. Sannan ga inda tarbiyyarmu ke iya cutar da mu. An koya mana sunkuyar da kai gaban babba, kuma yabon kai jahilci ne. Su a wajensu wanda baya kallon ido kamar yana ɓoye wani abu ne, wanda kuma aka ce ya faɗi abinda ya iya ya ce "ai ba komai" sai su ɗauka ba komai ɗin ne. Ba ƙarya zaka yi ba kuma ba alfahari ba, ka kalli kyamara ka faɗi abinda ka yi da bakinka, a taƙaice, da misali. Ka sa wani ya yi maka gwaji ka ɗauka a waya ka kalli kanka.

Farkon Maris kake jera asibitocin da suka yi maka intabiyu. Ka jera su yanda kake sonsu tsakani da Allah, kar ka ce bari in sa wanda nake ganin zai ɗauke ni a sama, tsarin lissafin da Alvin Roth ya gyara musu a shekarun 1990, wanda yana cikin aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2012, an gina shi ne ta yanda faɗin gaskiyar zaɓinka bazai cuce ka ba. A sati na uku na Maris, Litinin ake gaya maka ko ka samu, Juma'a a gaya maka ina. Wanda bai samu ba akwai SOAP a cikin satin, neman guraben da suka rage. Kuma inda aka tura ka dole ne, alƙawari ne ka sa wa hannu.

In bizar J-1 ce, ECFMG ke ɗaukar nauyinta kuma sai ka kawo takarda daga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja mai cewa ƙasa na buƙatar wannan ƙwarewar, ka fara binta washegarin Match. Sharaɗinta shine in ka gama ka dawo gida shekara biyu, sai dai in ka samu sassauci, mafi shahara shine Conrad 30 inda kowace jiha ke da gurbi 30 a shekara ga likitan da zai yi shekara uku a yankin da ke ƙarancin likitoci. H-1B bata da wannan sharaɗin amma sai ka ci Step 3 tukuna kuma asibitoci kaɗan ke yinta.

Aiki 1 ga Yuli yake farawa, ana zuwa tsakiyar Yuni. Ka zo da kuɗin da zai riƙe ka wata biyu, saboda albashin farko baya zuwa da wuri, mai gida zai nemi kuɗin ajiya, kuma baka da tarihin bashi wanda can da shi ake auna mutum. Albashin shekarar farko yawanci tsakanin dala 60,000 ne zuwa 75,000 a shekara. In aka juya shi zuwa naira a majalisar ƙofar gida sai a ce ai ɗan wane ya haye, amma bayan haraji da inshorar lafiya da haya da mota abinda ke saura kaɗan ne. Wannan maganar ka yi ta da Baba da Inna da yayyenka tun kafin ka tashi, ka faɗi abinda zaka iya turowa duk wata ka tsaya a kansa, ya fi ka yi shiru kowa ya gina tsammaninsa a iska. In da iyali zaka tafi, ka tuna ita ce zata wuni ita kaɗai a gida cikin sanyi, ba maƙwabciya ba biki ba suna, ka nemi garin da ke da masallaci da jama'a, ka taimaka mata ta koyi mota da wuri.

Ranar intan, wato rasidan ɗan shekarar farko, tana farawa wajen shida na safe, ka karɓi bayani daga na dare, ka buɗe kwamfuta ka duba sakamakon kowa, ka zaga ka gansu, sannan rawun da babban likita inda zaka gabatar da kowane mara lafiya a tsare, ka faɗi tsarinka matsala bayan matsala. Doka ta ce intan kar ya riƙe sama da marasa lafiya 10, kuma aiki kar ya wuce awa 80 a sati in an raba a kan sati huɗu, da hutun kwana ɗaya cikin bakwai. Wannan ƙa'idar ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 2003, asalinta kuma rasuwar wata yarinya ce Libby Zion a wani asibitin Niyok a 1984 a hannun likitocin da suka gaji. Kai da ka saba ganin mutum tamanin kafin azahar zaka ce goma ai wasa ne. Ba wasa bane. Kowanensu ɗan shekara saba'in da wani abu ne mai ciwon zuciya da suga da ƙoda da huhu a lokaci ɗaya, yana shan magani goma sha biyar, kuma duk abinda ka yi ko ka yi tunani sai ka rubuta a manhajar bayanan marasa lafiya ta Epic ko makamancinta, ka kira ƙwararru, ka kira iyali, ka shirya inda za'a kai shi bayan sallama da abinda inshorarsa zata biya. Ka koyi buga kibod da sauri tun kana gida, da gaske nake.

Ƙananan abubuwa ne ke sa mutum tuntuɓe a watan farko. Suga da mg/dL suke aunawa, ka ninka namu na mmol sau 18. Kiretinin ka raba namu da 88. Zafin jiki Faranhait, nauyi fam. Farasitamol sunansa acetaminophen, salbutamol kuma albuterol, adrenalin epinephrine. Cututtukan ma sun juya, zazzaɓin cizon sauro sai ka yi shekara baka gani ba, amma ga masu janyewar giya suna karkarwa, ga masu ƙwayoyin opiyoyid, ga ciwon huhu na taba, ga ICU da injin numfashi wanda da yawanmu bamu taɓa juya maɓallinsa ba. A ɗaya ɓangaren kuma hannunka ya fi na abokan aikinka faɗawa, ka san sikila da tarin fuka da ido, kuma mutum na faɗuwa a gabanka baka rikicewa.

Abinda ya fi wuya a gani na shine magana da mara lafiya. A gida in cutar mai tsanani ce sai mu ja babban ɗa ko miji gefe mu gaya masa, a ce wa mai ciwon ai da sauƙi. Can haramun ne a dokance, mai ciwon ne ke da labarinsa, ba ka gaya wa ko matarsa sai da izininsa, dokar HIPAA ta 1996 kenan, kuma hoton mara lafiya ko na fayil a sitatus ɗin WhatsApp zai iya raba ka da aikin. Duk wanda aka kwantar sai ka tambaye shi in zuciyarsa ta tsaya yana so a danna ƙirji a sa masa bututu ko a barshi, kuma in ya ce a barshi haka za'a yi. Farko bakinka zai yi nauyi. Ka bi wani babba ka ji yanda yake buɗe zancen, ka zauna a kujera kar ka tsaya a kansa, ka yi magana a hankali saboda harshenka baƙo ne a kunnensa, in ka gama ka ce ya maimaita maka abinda ya fahimta.

Nas a can abokiyar aiki ce mai ikon ta ce bata yarda da umarninka ba, kuma sau da yawa tana da hujja, haka mai haɗa magani zai kira ka ya gyara maka awo. Ka saurara ka yi godiya. In babba ya tambaye ka sakamakon da baka duba ba, ka ce ban duba ba zan duba yanzu. Ana yafe rashin sani, amma intan ɗin da aka kama ya ƙirƙiri lamba sau ɗaya ya gama zubar da amanarsa. In mara lafiya ya rikice da dare ka kira na sama da kai da wuri, ba'a ɗaukar hakan gazawa.

Addini kuma ba wanda zai hana ka, amma ba wanda zai tuna maka. Yawancin asibitoci na da ɗakin ibada, ka ajiye ƙaramar darduma a loka. Maganar Juma'a da azumi da hutun sallah ka kai wa cif rasidan tun ana tsara jadawali, ba ana gobe ba, ka karɓi aikin Kirsimeti a madadin ranar idi, kowa zai ji daɗi. In aka gayyace ka taron cin abinci ka je ka sha lemonka, a nan ake sanin juna. In kuma ka ji duhun hunturu da kaɗaici sun danne ka, bacci ya ƙi, komai ya fita ranka, ka san sunan wannan a littafi, ka nemi taimako, asibitocin na da masu bada shawara a sirrance.

Shekara ta biyu kai ke jagorantar intan, ta uku ka fara neman abin gaba. Duk shekara akwai jarabawar gwaji ta ACP, ƙungiyar likitocin medisin ta Amurka, ka gama da Step 3 da wuri, in ka kammala shekara ukun sai jarabawar ABIM, ta shaidar ƙwarewa a medisin, a watan Agusta. Daga nan ko ka kama aiki a matsayin likitan masu kwanciya, ko ka ƙara ƙwarewa, zuciya shekara uku, ciki da hanta uku, ƙoda biyu, cututtuka masu yaɗuwa biyu. In ƙarin kake so ka fara bincike da neman ubangida tun shekarar farko saboda ana nema ne a farkon ta uku. Ni dai duk wanda ya tambaye ni daga yankinmu nakan ce ya kalli fannin ƙoda da kyau, mun san yanda ciwon ya addabi mutanen Haɗeja da kewaye, da irin tafiyar da suke yi neman wankin ƙoda.

In hanyar Amurka ta toshe, karatun bai tafi a banza ba, akwai jarabawar PLAB ta Ingila, akwai Saudiyya, akwai kuma rasidansin gida ta kwalejin ƙasa ko ta Afirka ta Yamma wadda ta fitar da malaman da suka koyar da mu. In kuma ta buɗe, ka bada sanarwar barin aiki a kan lokaci dan a samu turo wani, ka rubuta wa masu suga da hawan jini da sikila da ke hannunka bayanin maganinsu a katinsu ka damƙa su ga wanda zai gaje ka, ka je ka yi sallama da mai gari da ma'aikatan asibitin tun daga metiron har mai gadi. Lasisinka na MDCN kuma kar ka bari ya mutu, ka riƙa sabunta shi kana can, domin ko hutu ka zo kana son ka zauna a asibitin garinku ka duba mutane sati biyu sai da shi.